Ɗora Injin LS a Kan A-kori-kurar Chevrolet C10

Ɗora injin LS a kan Chevrolet C10 aiki ne da ya shahara a tsakanin makanikai da masu sha'awar tsofaffin motoci a Amurka, inda ake cire tsohon inji mai kafireta daga a-kori-kurar, a maye gurbinsa da inji mai silinda takwas wanda kwamfuta ke sarrafawa. Kamfanin General Motors, mai Chevrolet, ya fara ƙera C10 a 1960, amma waɗanda aka fi yi wa wannan aiki su ne ƙirar 1967 zuwa 1972 da ta 1973 zuwa 1987.

Injin LS ya fara fitowa a 1997 a cikin motar Corvette, sannan daga 1999 aka sa danginsa masu lita 4.8 da 5.3 da 6.0 a cikin a-kori-kurar Silverado da Sierra na kamfanin. Da yake an ƙera waɗannan motoci da yawa ƙwarai, injinan nasu sun cika wuraren sayar da kayan motocin da suka yi haɗari, shi ya sa mai lita 5.3 ya zama wanda aka fi saye saboda araha.

Zaunar da injin ba shi ne babbar wahala ba, domin wurin injin C10 yana da faɗi, kuma akwai ƙarafan ɗauri da aka ƙera musamman, ko da yake wani lokaci sai an sauya kaskon baƙin mai. Inda aikin yake shi ne wajen tsarin man fetur da kuma wayoyi. Kafireta tana aiki da matsin mai da bai wuce psi 7 ba (psi ma'aunin matsi ne), alhali injin LS yana buƙatar kusan psi 58, don haka dole a sa famfon lantarki, yawanci a cikin tanki, tare da bututan da za su jure matsin. Ita kuwa kwamfutar, ta zo da tsarin hana sata mai suna VATS, wanda in ba a goge shi ba, injin zai tashi ya mutu nan take. Ana kuma warware damin wayoyin a fitar da waɗanda ba su da amfani, ko a sayi sabo, ko kuma a koma ga kwamfutar wani kamfani irin su Holley. Mafi yawan masu aikin suna ɗauko giyar 4L60E ko 4L80E tare da injin, tunda sau da yawa kwamfuta ɗaya ce ke sarrafa su, sai dai hakan yakan tilasta a gyara tsawon farfela, a kuma nemo wa maleji mafita, domin tsohon da waya mai juyawa yake aiki.

Doka ta bambanta daga jiha zuwa jiha. A Kalifoniya, inda ta fi tsanani, wajibi ne injin ya kasance na shekarar motar ko sabo a kanta, kuma ya zo da kayan rage hayaƙinsa, amma motocin fetur na 1975 zuwa baya ba a kai su gwajin hayaƙi na lokaci-lokaci.

Masu tattara tsofaffin motoci suna ganin sauyin yana rage darajar motar da ke da injinta na asali, kuma suna da hujja idan motar ba ta lalace ba. Ga mai hawa kullum kuwa, ribar a fili take: tashi cikin sauƙi lokacin sanyi, ƙarin ƙarfi da ƙarancin shan mai, muddin an inganta birki da lagireto su dace da sabon ƙarfin.