Dokar Kalifoniya da ta sa cajin salula a Maradi ya shiga lissafin kamfanoni

Idan ka kai salularka wurin mai caji a babbar kasuwar Maradi, ya jona ta a gurup mai shan gazuwal, hayaƙin da ya tashi na wane ne? Bisa ƙa'idar lissafin da manyan kamfanoni ke bi, akwai rabon kamfanin da ya ƙera wayar a ciki. Daga nan za a fi gane SB 253, dokar Kalifoniya da ta wajabta wa manyan kamfanoni bayyana yawan hayaƙinsu.

Gwamnan jihar Kalifoniya ta Amurka, Gavin Newsom, ya sa mata hannu a watan Oktoban 2023. Ta shafi duk kamfanin Amurka da ke kasuwanci a jihar wanda kuɗin shigarsa ya haura dalar Amurka biliyan 1 a shekara (ba dalarmu ta nan ba, wadda ko alawa ba ta saye). Apple da Google da Meta mai Facebook duk can hedikwatarsu take. Abin da ake bukata shi ne kowace shekara kamfani ya bayyana wa jama'a yawan iskar ɗumama duniya da ya fitar, kuma wani mai bincike daga waje ya duba lissafin. Wanda ya ƙi, tara na iya kaiwa dala 500,000 a shekara.

Dokar ba ta ce kowa ya rage ko mudu ɗaya na hayaƙi ba. Awo kawai ta wajabta. Amma ɗan kasuwa ya sani, ranar da aka ɗora kaya a sikeli gaban mutane, ranar cika baki ke ƙarewa. Shi ya sa ƙungiyar ƴan kasuwan Amurka ta kai ƙara kotu tun farkon 2024.

Ana raba hayaƙin kashi uku. Na farko shi ne wanda kamfani ya ƙona da hannunsa: man motocinsa, gazuwal ɗin injinansa. Na biyu na wutar lantarkin da ya saya ne; tashar ce ta yi hayaƙin, amma shi ya sha wutar. Nan kamfanoni suka fi samun sauƙi, don suna ƙulla kwangila da masu wutar rana da ta iska. Google ya ce tun 2017 yake sayen irin wannan wuta daidai da abin da yake ci a shekara.

Kashi na uku ne ƙashin wuya. Ya haɗa haƙar ma'adinai, masana'antun Asiya da ke harhaɗa wayoyi, siminti da ƙarfen gini, jirgin da ya ɗauko kaya, har wutar da mai saye zai yi ta sha da na'urar, wato cajin nan namu. A kamfanoni irin Apple da Microsoft wannan kashin ya fi sauran biyun nesa ba kusa ba. Maganinsa ba a ofishin kamfani yake ba: sai ya matsa wa masu yi masa kaya su koma wutar rana, ya narkar da tsohon alminiyam ya sake amfani da shi, ya ƙera na'ura mai ƙarancin cin wuta.

Kuma lissafin yana tona asiri. A 2020 Microsoft ya yi alkawarin cewa zuwa 2030 zai riƙa janye hayaƙi fiye da wanda yake fitarwa. A rahotonsa na 2024 sai ga hayaƙin ya ƙaru da kusan kashi 29 cikin 100 a kan na 2020, galibi saboda gina manyan rumbunan kwamfuta. Na Google ya ƙaru da kashi 48 cikin 100 daga 2019 zuwa 2023. A ganina, wannan kaɗai ya isa hujjar dokar.

Abin da ya gagara ragewa, kamfani kan biya wani ya rage a madadinsa, sau da yawa ta hanyar itatuwa. Nan maganar ta zo gida. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maradi suka rungumi sassabin zamani, suna barin tohon gawo da kalgo ya girma cikin gonar hatsi, har aka yi ƙiyasin itatuwa miliyan 200 a faɗin kudancin Nijar. Irin wannan ne dillalan kasuwar hayaƙi ke nema. Wata dokar Kalifoniya ta 2023, AB 1305, ta ce kamfanin da ya sayi irin wannan diyya yana tallar cewa ya goge hayaƙinsa, dole ya wallafa sunan aikin, wurin da yake, wanda ya sayar masa, da ko an tantance shi. Idan wani ya zo garinku da takarda yana son ku sa hannu kan itatuwan gonakinku, ku tambaye shi wane kamfani ne zai saya, shekara nawa za a ɗaure gonar, kuma nawa ne zai shiga hannun manomi.