Waiwaye: Yadda Najeriya Ta Mallaki Jiragen Teku 24, Ta Wayi Gari Ba Ko Ɗaya

Wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Kano ya san tirelolin nan masu goyon kwantena, suna tafe suna nishi, wani lokaci ka iske ɗaya ta kwanta a gefen titi wajen Kwanar Ɗangora. In ka karanta sunayen da ke jikin kwantenonin za ka ga Maersk, MSC, CMA CGM, Cosco. Na Danmak ne, da na Suwizalan, da na Faransa, da na Sin. Atamfar Kantin Kwari da kayan gyaran babur na Sabon Gari duk a cikinsu suka tsallako teku, kuma kuɗin dakonsu da dala aka biya shi a wata ƙasa. Yaro ɗan shekara 30 a yau zai ɗauka haka Allah ya yi abin tun fil'azal. Alhali an yi zamanin da jirgi mai suna Dan Fodio yake shiga tashar Liverpool da tutar Najeriya a bayansa, cikinsa maƙil da buhunan gyadar Kano.

Sai an koma zamanin Turawa za a gane dalilin kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, wanda aka fi sani da NNSL. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma ba a jima ba gyada ta zama arzikin Arewa, ga auduga, ga fatu da ƙiraga, ga kuzar Jos. Duk wannan kaya Ikko yake sauka ko Fatakwal, daga nan kuma sai abin da masu jirgi suka ce. Masu jirgin ba su da yawa: Elder Dempster na Liverpool shi ne babba, daga baya Palm Line na kamfanin UAC da jiragen John Holt suka biyo. Tun 1895 manyan kamfanonin da ke zirga-zirga a gaɓar Afirka ta Yamma suka haɗa kai suka zama tsintsiya ɗaya, su yanka kuɗin dako tare, su raba kaya tare. Dabarar da suka ɗaure 'yan kasuwa da ita kuwa mai sauƙi ce. In ka yi ta ba su kayanka su kaɗai, bayan wasu watanni za a mayar maka da kashi 10 cikin ɗari na abin da ka biya. In ka kuskura ka ɗora ko buhu ɗaya a jirgin bare kafin lokacin ya cika, ka yi asarar duka. Wane ɗan kasuwa ne zai yarda? Kuma abin da aka ƙara a kuɗin dako, a ƙarshe daga farashin da ake sayen gyada a hannun manomin Gaya ko na Malumfashi ake zare shi, shi da bai taɓa ganin teku ba.

Gana ce ta fara ɓallewa. Tana samun 'yanci a 1957 Kwame Nkrumah ya kafa Black Star Line tare da kamfanin Zim na Isra'ila. Najeriya ta bi sahu a 1959, amma ta wata hanya: ta jawo tsofaffin masu cin kasuwar ta yi tarayya da su. Gwamnati ta riƙe kashi 51, Elder Dempster 33, Palm Line 16. Aka fara da jirage uku na hannu, aka raɗa musu Dan Fodio, Oduduwa da King Jaja, kowane yanki na ƙasar da gwarzonsa. El Kanemi da Oranyan da Herbert Macaulay suka biyo baya, sannan aka ƙera sababbi biyu a Ingila, Ahmadu Bello da Nnamdi Azikiwe. A 1961 gwamnati ta saye hannun jarin Turawan duka, kamfani ya zama nata ita kaɗai.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, NNSL bai zo ya fasa waccan ƙungiya ta masu jirage ba, shiga cikinta ya yi aka yanka masa rabonsa. Kyaftin-kyaftin da manyan injiniyoyin farko ma Turawa ne, don ba mu da namu. Duk da haka, a wurin ƙananan ma'aikatan jirgi wannan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Yunin 1959 ɗin nan ne 'yan Najeriya da ke aiki a jirgin fasinja Apapa na Elder Dempster suka ajiye aiki a Liverpool saboda wulaƙanci da wariyar launin fata da suke sha a hannun shugabanninsu. Mutanen da suka sha wannan, aka ce musu ga jirgin ƙasarsu ya zo, dole su ɗora masa buri. Kuma a hankali an cika wani ɓangare na burin: an tura samari karatu waje, suka dawo suka hau matakala har suka zama kyaftin da manyan injiniyoyi a jiragen ƙasarsu.

Yaƙin basasa ya nuna wa gwamnati wani amfanin jirgi da ba na ciniki ba. Da dakarun gwamnatin tarayya ƙarƙashin Benjamin Adekunle za su sauka Bonny a Yulin 1967, da Kalaba a watan Oktoba, jiragen NNSL na cikin waɗanda suka yi jigilar soja da kayan yaƙi. Aikin ya biya buƙatar ƙasa, amma ya bar wata ɗabi'a da ta bi kamfanin har kabari: gwamnati ta saba ɗaukarsa tamkar motar gida, a aike shi duk inda aka ga dama, batun biya kuma sai an tuna.

Sai kuɗin mai ya zo. A 1975 aka yi abin kunyar siminti, lokacin da ma'aikatun gwamnati suka yi odar kusan tan miliyan 20, jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin Ikko wata da watanni, ana biyansu kuɗin jira, simintin yana daskarewa a cikinsu. Wannan ya sa aka gina tashar Tin Can cikin gaggawa aka buɗe ta a 1977, kuma a shekarar ce gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ba da kwangilar ƙera sababbin jirage 19, wasu a Koriya ta Kudu wasu a Yugoslabiya. Sunayen koguna aka sa musu: River Rima, River Gurara, River Mada, River Oji, River Oshun da sauransu. Zuwa 1979 kamfanin yana da jiragen teku 24. A Janairun 1980, da Shugaba Shehu Shagari yake bayanin kwanakinsa 100 na farko, ya ambaci cewa NNSL ya fara ɗauko kayan haɗa mota na masana'antar Peugeot ta Kaduna, waɗanda a da ta jirgin sama ake kawo su. Nan ne ƙololuwa.

A ganina babban kuskuren yana cikin wannan sayayyar da ake alfahari da ita. An zuba kuɗi a jirage masu rumbu da ƙugiya a daidai lokacin da duniya take komawa kwantena. Ka kwatanta aikin biyu. A tsohon tsari 'yan dako ne za su jera buhuna a cikin raga, ƙugiya ta ɗaga ta zura a rumbun jirgi, wasu a ƙasa su kwance su shirya ɗaya bayan ɗaya, malamin ƙirga yana tsaye da takarda yana sa alama. In hadari ya taso a rufe rumbu a jira. Jirgi kan yi mako biyu a tasha ɗaya, kuma kowace rana yana cin mai, yana cin albashi, yana cin kuɗin tasha. Jirgin kwantena kuwa a kwana ɗaya ko biyu ya sauke ya ɗauka ya kama gabansa. Jiragen kogunan nan suna iya ɗaukar kwantena kaɗan, amma ba za su yi gudu da waɗanda aka ƙera don ita kaɗai ba. Guda 19 kuma a lokaci ɗaya, wato tare za su tsufa, tare za su buƙaci babban gyara.

Ga kuma kayan fita sun ƙare. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyada a 1975 sun share dalar gyada daga Kano, auduga ta ja baya, manja ma ƙasar ta koma saye. Jirgi ya zo daga Turai cike, ya koma da rabin ciki, alhali ribar jirgi a zuwa da dawowa take. Abu ɗaya da ƙasar take fitarwa da yawa shi ne ɗanyen mai, shi kuma a bakin tasha ake sayar da shi, mai saye ya zo da tankarsa.

Sauran ciwon na cikin gida ne, kuma duk wanda ya san yadda kamfanonin gwamnati suka mutu a ƙasar nan zai gane shi. Kowace sabuwar gwamnati da nata shugabannin kamfanin, ma'aikatan ofis suna ƙaruwa jirage suna raguwa, kuɗin gyara yana maƙalewa a hanya. Ma'aikatan jirgi su ma sun nemi mafita. Tun zamanin Elder Dempster an san su da ɗan kasuwancin gefe: mutum ya sauka Liverpool ya bi shagunan gwanjo ya sayi tsohon firji, da katifa, da keken ɗinki, ya cusa a ɗakinsa, matarsa ta sayar a Legas. Da albashi ya daina isa, ya kuma daina zuwa a kan kari, wasu suka tsallaka zuwa safarar wiwi da hodar iblis, har jami'an kwastan na Turai suka riƙa yi wa jiragen Najeriya binciken ƙwaƙwaf. Ban kawo wannan don in wanke kowa ba, amma mutumin da aka bari a tashar wata ƙasa wata uku ba albashi, iyalinsa suna jira a gida, an riga an kai shi bakin rami. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara da man jirgi da kuɗin tashoshin waje duk suka ninka, don da kuɗin waje ake biyansu.

Gwamnatin Babangida ta gwada ceto ta hanyar doka. A 1987 aka kafa Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Ƙasa, aka ɗauko tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na 40-40-20: kashi 40 na kaya ga jiragen ƙasar da ke saye, 40 ga na ƙasar da ke sayarwa, 20 ga saura. A takarda ya yi kyau. A aikace takardar rabon kaya ta zama hajar sayarwa, kamfanonin da ba su da ko kwalekwale suka riƙa karɓa suna sayar wa Turawan da aka ce za a rage wa ƙarfi. A 1988 jiragen kamfanonin Najeriya gaba ɗaya, har da NNSL, kashi 11 kacal suka ɗauka na kayan da suka bi tashoshin ƙasar.

Daga nan sai gangara. A Fabrairun 1989 River Gurara yana kan hanyarsa ta zuwa Turai injinsa ya mutu cikin guguwa a gaɓar Fotugal, igiyar ruwa ta maka shi da duwatsu ya nutse, ma'aikata da dama suka rasa rayukansu. Har yau ɓaraguzansa suna ƙarƙashin ruwa kusa da garin Sesimbra, masu ninƙaya suna zuwa kallo. A 1990 aka sake aiken jiragen NNSL, wannan karon zuwa Laberiya, su kai sojan ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, su kwaso 'yan gudun hijira. Masu bin bashi kuma suka fara sa kotunan ƙasashe suna tsare jiragen a duk tashar da suka shiga. A Satumban 1995, zamanin Janar Sani Abacha, aka rushe NNSL aka sayar da abin da ya saura. Magajinsa, National Unity Line, ya fara aiki a 1996 da jirgi ɗaya tak mai suna Abuja. Kafin 2005, lokacin da aka sa shi a kasuwa, wannan ɗayan ma babu.

Adalci ne a faɗi cewa guguwar kwantena ba mu kaɗai ta ci ba. Palm Line ya bar hannun UAC a 1985, Elder Dempster kansa an sayar da shi ga Faransawa a 1989, Black Star Line na Gana shi ma ya mutu. Sai dai akwai Habasha. Ta kafa kamfanin jiragenta a 1964, ta rasa gaɓar tekunta baki ɗaya da Eritiriya ta ɓalle a 1993, amma har yau jiragenta suna aiki daga tashar Jibuti. A gida ma, kamfanin iskar gas na Bonny yana da jiragensa suna kai kaya duniya, da 'yan Najeriya a cikin matuƙansu. Ashe ba ruwan ne ya ƙi mu ba.

Asarar da ta fi yi mini ciwo ita ce ta mutane. Makarantar koyon aikin jirgi ta Oron, da aka kafa a ƙarshen shekarun 1970, an gina ta ne bisa cewa ɗalibi zai gama aji ya hau jirgin NNSL. Ƙa'idar duniya ta ce sai ya yi wata 12 a teku kafin a ba shi takardar zama jami'in jirgi. Da jiragen suka tafi, matakalar ta karye a tsakiya. Tun 2008 hukumar NIMASA mai kula da harkokin sufurin teku take tura matasa daga jihohi, har da na Arewa, karatu a ƙasashen waje, da yawansu su dawo da ilimi su zauna shekaru suna neman jirgin da zai ɗauke su su cika wata 12 ɗin nan. Tsofaffin kyaftin da za su koya musu kuwa suna ta ƙarewa.

A ruwan cikin gida ma labarin bai fi haka daɗi ba. Da can sashen gwamnati mai kula da koguna yana da jiragen fito na ƙarfe a manyan mashigai, irin na Asaba zuwa Anaca kafin a gama gadar Neja a 1965. An kafa hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwan cikin gida a 1997 da hedikwata a Lakwaja, an buɗe tashar Baro a 2019, amma talakan bakin Neja har yau jirgin katako yake shiga da buhunansa da babur ɗinsa. A Mayun 2021 wani ya nutse da mutane sama da 100 a kusa da Warra ta jihar Kebbi. A Yunin 2023 wani ya kife da 'yan biki a yankin Patigi, nan ma sama da 100 suka tafi.

Maganar farfaɗo da jiragen ƙasa ba ta taɓa mutuwa ba. Dokar 2003 ta keɓe sufurin gaɓar teku ga 'yan ƙasa, ta kafa asusun taimaka musu su sayi jirage, aka shafe sama da shekara 20 ana tara kuɗi a ciki ba a raba ba. A 2016 ministan sufuri Rotimi Amaechi ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin PIL na Singafo, za a kafa sabon kamfani 'yan Najeriya su riƙe kashi 60, abin ya watse tun ba a sayi jirgi ba. A 2023 aka ware ma'aikata guda ta harkokin teku. A farkon shekarar ce kuma aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Kano, bayan ta Kaduna da aka buɗe a 2018, don mai riɗi da zoɓo da citta da fata ya rufe kwantenarsa a gida, kwastan su buga hatimi, ta gangara Apapa ko Lekki ta jira jirgin Maersk ko na Cosco.