Kurket a Katsina: tambayoyin ɗan ƙanwata da amsoshin da na ba shi

Muna kwashe kayan ɗakin ajiya kafin saukar damina, sai ɗan ƙanwata ya zaro wata sanda mai faɗi daga ƙarƙashin tsofaffin buhuna, an naɗe bakinta da zare. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya rasa ko ta mece ce. Na ce masa sandar kurket ce, da ita na yi wasa tun ina makarantar sakandare har furfura ta fara fito mini. Tun daga ranar bai bar ni na huta ba. Tambayoyinsa su ne waɗanda aka sha yi mini a majalisa, shi ya sa na ga ya dace in rubuta su tare da amsoshinsu.

Kawu, wai shi kurket ɗin nan yaya ake yin sa?

Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani zirin wuri mai tsawon yadi 22, a kowane ƙarshensa an kafa turaku uku, an ɗora musu 'yan ƙirare biyu a kai. Ƙungiya ɗaya tana jifa tana tsaron fili, ɗayar tana turo masu bugu biyu-biyu. Mai jifa yana neman ya ka da turakun, mai bugu yana kare su da sandarsa, in ya samu dama ya maka ƙwallon nesa, shi da abokinsa su yi musayar wuri da gudu. Kowace musaya maki ɗaya ce. In ƙwallo ta gangara har ta ƙetare iyakar fili, maki 4 ne. In ta tsallake ta sama ba ta taɓa ƙasa ba, maki 6.

Mai bugu yana fita idan aka ka da turakunsa, ko aka cafe ƙwallonsa kafin ta faɗi, ko ya tare ta da ƙafa alhali turke ta nufa, ko aka ka da turke yana tsakiyar gudu. In ya fita, ya fita ke nan, sai wani ya shigo. Jifa shida ita ce oba ɗaya, daga nan sai a koma jifa daga ɗaya ɓangaren. Mai jifa kuma ba ya lanƙwasa gwiwar hannu ya miƙe ta kamar mai jifar mangwaro, hannun a miƙe yake zagayowa ta saman kai. Wannan kaɗai sai da na yi zangon karatu guda kafin ya zauna mini.

To ba wasan Turawa da Indiyawa ba ne? Me ya haɗa shi da Katsina?

Asalinsa daga Ingila ne, babu musu. Amma ƙwallon ƙafa ma daga can ta zo, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ba tamu ba ce. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ɗalibanta sun yi kurket da ƙwallon bangon nan ta Fives. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya buga su duka biyu a nan garin, kuma kwalejin ce ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, daga baya Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau, tsohon gininta na nan kuwa ya zama gidan tarihi. Ka je ka gani da idonka.

Abin da nake yawan tunani shi ne, wasanni uku suka shigo mana kusan lokaci ɗaya. Folo, wato ƙwallon dawaki, ta samu gidan sarauta ta jingina, tun daga Sarki Muhammadu Dikko zuwa Sarki Usman Nagogo wanda ya yi suna a kanta. Fives ba ta buƙatar komai sai bango da safar hannu, shi ya sa har gobe ana buga ta a Katsina da Daura. Kurket kuwa makaranta kaɗai ya dogara da ita.

Kai ta yaya ka shiga?

Ta hannun malaminmu na lissafi, mutumin Pakistan ne. A shekarun 1970 makarantun Arewa cike suke da malamai daga Indiya da Pakistan, musamman a fannin kimiyya da lissafi, kuma su kurket a jininsu yake. Ya gan ni ina jifar kanya da dutse a bayan ɗakin kwana, maimakon ya hukunta ni sai ya ce in same shi a fili bayan la'asar. Ya ajiye hankici a ƙasa, ya ce in riƙa sauke ƙwallo a kansa. Sati da sati ba abin da nake yi sai wannan. Da na gama makaranta na kama aiki, sai muka haɗu da wasu tsofaffin ɗalibai da malaman nan da wasu ma'aikatan lafiya, muka zama ƙungiyar gari. Mai jifa ne ni, ba mai tsananin gudu ba, amma ina sauke ta inda nake so.

A ina kuke samun ciyawa irin wadda nake gani a talabijin?

Ba mu da ita, ɗana, a kan tabarma muke wasa. Doguwar tabarma ce ta zaren kwakwa, mai nauyin gaske, sai mutum huɗu sun kama ta. Wurin da za a shimfiɗa ta mu muke gyarawa da hannunmu: a share, a zuba jar ƙasa, a yayyafa ruwa, a daɓe kamar daɓen ɗaki, a bar shi ya sha iska. Ranar wasa tun bayan asuba ake fito da ita, a ja ta sosai, a kafe gefunanta da manyan ƙusoshi. Yadda aka ja ta shi ke yanke yadda wasan zai kasance. In ta ɗame, ƙwallo za ta tashi da sauri har ƙirjin mai bugu. In ta yi sako-sako, sai ta riƙa mutuwa a ƙasa. Tsohon ɗan wasa da ya taka ta da ƙafa ya san abin da zai tarar.

Sauran filin kuwa tsidau ne da ƙarangiya. Wanda ya yi nutso don ya tare ƙwallo, da dare zai zauna da allura yana cirar ƙaya daga tafin hannu, kuma duk da haka muna yi. Hunturu shi ne lokacin wasanmu, amma shi ne kuma maƙiyin sanda, domin iskar tana busar da itacen har ya tsage. Mukan shafa mata mai, mu naɗe bakinta da zare, mu ajiye ta nesa da rana. Zaren da ka gani a jikin tawa ke nan. Sanduna biyu ko uku ne na ƙungiya gaba ɗaya, wanda ya fita yakan miƙa wa mai shigowa sanda da kariyar ƙwauri a hanya.

Ƙwallon tana da zafi?

Ƙwarai. Nauyinta kusan giram 160 ne, cikinta tauri, an rufe ta da jar fata mai ɗinki. Da sanyin safiya in ta sami yatsa sai ka ji har ƙwaƙwalwa. Dubi ɗan yatsana na hagu, tun lokacin bai ƙara miƙewa ba.

Wane wasa ne ba ka mantawa?

Wani da muka je Zariya. Mun kwana a hanya cikin motar haya, ta Malumfashi da Funtuwa, jakar kaya a kan cinyoyinmu. Sun fi mu komai, har takalman wasa gare su. Suka tara maki mai yawa, mu kuma mutanenmu suka riƙa zubewa, har ya rage daga ni sai wani yaro ɗan makaranta da muka ɗauko don cike gurbi. Nasara ta riga ta kuɓuce, amma a irin wasan da muka shirya ranar, in lokaci ya cika ba su fitar da mu duka ba, canjaras ne. Na je na ce wa yaron, kada ka nemi maki, ka sa sandarka a gaban turke kamar ƙyauren gidanku. Suka kewaye mu kamar za su shiga aljihunmu, kowace jifa sai ihu suna roƙon alƙali ya ɗaga yatsa, alamar mai bugu ya fita. Ƙwallo ta same shi a haƙarƙari, ya durƙusa, ya miƙe, ya gyara tsayuwa. Muna nan har alƙali ya cire ƙiraren daga kan turaku, alamar an tashi wasa, ana kiran magariba. Kyaftin ɗinsu da kansa ya zo ya riƙe hannun yaron, ya daɗe bai saki ba. Muka yi alwala a famfo ɗaya da su, muka yi sallah a gefen fili.

Ana biyan ku?

Mu ke biya. Karo-karo muke yi na kuɗin mota da na ƙwallo. A hutun rabin rana fura da nono muke sha a gindin darbejiya, mu da baƙinmu.

To me ya sa yanzu ba na ganin ana yi?

Mutane sukan ce ƙwallon ƙafa ce ta cinye shi. Ban yarda ba, domin a zamaninmu ma ana ƙwallon ƙafa. Daga 1986, da darajar naira ta faɗi, albashin malaman nan na waje ya daina isar su aika gida, suka tattara suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Kayan wasan duk daga waje ake kawo su, kuɗinsu ya fi ƙarfinmu. Tabarmarmu ta huje a daidai inda ƙwallo ke sauka, muka juya ta, muka yi mata faci, har ta kai ba ta facuwa. Mu ma muna da laifi, kuma wannan ne ke ci mini rai: mun yi ta wasanmu, ba mu koma makarantu mun ajiye wa yara hankici kamar yadda aka ajiye mana ba.

A sauran Najeriya fa?

Yana raye, yana ma ƙaruwa. Najeriya ta zama mamba a hukumar kurket ta duniya a 2002. Samarinmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020. A Janairun 2025 kuma 'yan matanmu 'yan ƙasa da 19 suka doke Niyu Zilan, ƙasar da ta yi fiye da ƙarni tana wannan wasa, da maki 2 a Malesiya. A wayar ɗana na ga labarin, na sa ya karanta mini sau biyu. Yanzu akwai gajeren wasa na oba 20 kowane ɓangare, wanda ake gamawa cikin kamar awa uku, ba sai an wuni ba.

In ina so in koya, Kawu, da me zan fara?

Nemo ƙwallon tanis ka naɗe ta da salatif ɗin masu gyaran wuta, haka yaran Karachi ke yi a lungunansu, kuma ba ta fasa yatsa. Kafinta zai fafe muku sanda daga katako. Turaku kuwa, kara uku ko kujera ta isa. Ka tara abokanka ko shida ne, ku same ni ranar Asabar bayan la'asar a filin makarantar firamaren unguwarmu. Ku zo da tsintsiya, sai mun share tsidau tukuna.