Shin lambu zai iya gyara yaron da ya faɗa hannun hukuma?

Wane irin magani ne ake yi da lambu?

Hanya ce ta kwantar wa yaro hankali a fili, cikin shuke-shuke. Ya shuka, ya yi ban ruwa, ya kula da kaji ko zomaye, ga kuma ma'aikacin jin daɗin jama'a a gefensa yana sauraronsa. Yaron da zai yi gum in an zaunar da shi a ofis, sau da yawa bakinsa kan buɗe idan hannunsa na cikin ƙasa.

Akwai hujja kuwa?

Akwai. A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya duba waɗanda aka yi wa tiyata a wani asibitin Amurka. Masu hango itatuwa ta taga sun riga masu kallon bango samun sallama, kuma ba su buƙaci maganin kashe zafi mai ƙarfi kamar su ba. A gidan yarin tsibirin Rikers na New York ma, tun shekarun 1990 ake aikin lambu da fursunoni. Sai dai hujjar ta fi ƙarfi wajen rage damuwa da zafin rai. Hana yaro komawa ruwa kuwa sai an haɗa da karatu, da sana'a, da gidan da zai karɓe shi.

A Legas ina ake kai irin waɗannan yara?

Dokar haƙƙin yara ta jihar, ta 2007, ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro. Akwai gidan gyaran hali na maza a Oregun, na mata kuma a Idi-Araba.

Ba horo da fartanya ba ne aka sake wa suna?

Nan ne abin tsoron. In aka kora yaro gona da bulala cikin rana, sunan wannan azaba, kuma ƙiyayyar noma kawai zai fito da ita. A maganin gaske kunyar alayyafon tasa ce, shi ke yanke shawara a kanta, in ta bushe a tambaye shi me ya gani, ba a zage shi ba. Yawancin yaran nan sun saba jin "ɓarawo", "ɗan iska", "ba ka da amfani". A ganina ranar da abin da ya shuka ya shiga tukunyar gidan, aka ci aka ce "sannu da aiki", ta fi masa wa'azin wata guda.

Legas da ba fili, ina za a shuka?

Buhu da tsohon bokiti sun isa tumatir da tattasai, alayyafo kuma wata guda da 'yan kwanaki an fara tsinka. Masu koyarwa ma muna da su. A Agege da Mile 12 akwai dattawanmu da suka tashi a noman fadama kafin su shiga kasuwar gwari. Sarakunan Hausawa da limamai za su iya neman izinin Ma'aikatar Matasa ta jihar, a haɗa su da yaran ko da sau ɗaya a mako.