Waiwaye: Yadda jitar The Spotnicks ta kai Suwidin kasuwar kiɗan duniya

A farkon 1963 wani faifai na samari huɗu 'yan birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin ya hau har mataki na 13 a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Birtaniya. Yau wannan ba abin a-zo-a-gani ba ne, domin Suwidin ta daɗe da zama ƙasar da ke sayar wa duniya kiɗa. A wancan zamani kuwa hanyar ɗaya ce: faifai daga Amurka da Ingila yake shigowa, ba ya fita. Saura shekara 11 ABBA, shahararriyar ƙungiyar mawaƙan Suwidin, ta ci gasar waƙa ta Turai, Eurovision, ta 1974. Waɗanda suka fara fasa wannan ƙofa su ne The Spotnicks, kuma a faya-fayan da suka fi ɗaukaka su babu wanda ya buɗe baki ya rera ko baiti ɗaya.

Asalin abin a 1956 ne, lokacin da wasu yara biyu, Bo Starander da Björn Thelin, dukansu haihuwar 1942, suka haɗa kai suna kiɗa da sunan The Rebels. Bayan shekara guda Bo Winberg, wanda ya girme su da shekara 3, ya shigo da jitarsa, suka koma Rock-Teddy and the Blue Caps. A 1958 suka samu mai ganga, Ove Johansson, suka sake suna zuwa The Frazers. Sunayen kaɗai sun isa su nuna inda hankalinsu yake: Amurka. Haka samarin Turai ta yamma suke a lokacin, kowa na kwaikwayon abin da ya ji a faifai ko ya kamo da daddare a tashar Radio Luxembourg. Gothenburg kuma gari ne na tashar jiragen ruwa da ma'aikatun ƙera su, garin kamfanonin Volvo da SKF, inda jiragen fasinja ke tashi kai tsaye zuwa New York. Har masana'antar jita, ta Levin, tana garin tun 1900. Yaron da ke son kiɗan zamani a nan bai yi nisa da shi ba.

Da sun tsaya a kan kwaikwayon nan, da yanzu ba wanda ya san da su. Ƙasar ba ta wuce mutum miliyan bakwai da rabi ba, kuma harshenta ba ya tsallake maƙwabta. In sun yi waƙa da harshen gida, kasuwarsu ta ƙare a bakin iyaka. In sun yi da Ingilishi, Baturen Ingila na jin lafazin zai ajiye faifan ya ɗauko na asali. Mafitar ta zo a 1960, shekarar da kiɗa marar waƙa ya yi tashe: The Shadows a Birtaniya, The Ventures a Amurka, kowannensu da jita biyu, bes ɗaya da ganga. A 1961 wani ɗan ƙasar Danmak, Jørgen Ingmann, ya kai mataki na 2 a Amurka da jita tsura. A wannan salo jita ce mawaƙiya, ita ke ɗauke da karin daga fari har ƙarshe, kuma ba wanda zai ce lafazinta na baƙo ne. Starander na da murya, yana kuma rera wasu waƙoƙi a wasanninsu da faya-fayansu, amma ba su ne suka fitar da ƙungiyar waje ba.

Samari dubbai a Suwidin, Nowe, Danmak da Finlan sun ga wannan hanya, kuma yawancinsu sun ƙare a matsayin inuwar The Shadows. Abin da ya raba The Spotnicks da su shi ne Bo Winberg. Mutumin ba makaɗi kawai ba ne, gwanin haɗa kayan lantarki ne. Kayan kiɗan Amurka a lokacin tsada gare su, samun su ma aiki ne, to rashin uwa akan yi uwar ɗaki: ya riƙa harhaɗa amfilifaya da na'urorin sarrafa sauti da hannunsa, kuma shi ya ɗauki kiɗe-kiɗensu na farko da kayan da ya tanada da kansa.

Yana da kyau a tsaya kan wannan sauti, don shi ne jarin ƙungiyar. Makaɗan Kalifoniya da aka sani da kiɗan surf, irin su Dick Dale, sun dogara ne da wani akwati da kamfanin Fender ya fitar a 1961. A cikinsa akwai siraran wayoyin ƙarfe a murɗe; sautin jita ya bi ta cikinsu, su yi rawa, ya fito a jiƙe, yana fantsama. A Turai wata dabara aka fi bi. Ana ɗaukar guntun zaren rikoda a haɗe bakinsa biyu ya zama zobe, yana ta zagaye. Kai ɗaya na naɗar sautin, wasu kawuna da ke jere a gabansa suna maido da shi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ɗan jinkirinsa. Makaɗi ya taɓa tsirkiya sau ɗaya, kunne ya ji ta sau uku ko huɗu, kowace na bin ta gabanta tana raguwa. Idan mai saurin yatsa irin Winberg ya shiga wannan, sai ka rantse jita biyu ake kaɗawa. Nasa sautin siriri ne, mai kaifi, mai amon ƙarfe, kuma da yake kayan na hannunsa ne, ba shagon da wani zai je ya sayo irinsa. Shi ya sa, a ganina, sanya su cikin 'yan surf da masu tara faya-fayai ke yi a yau kara ce kawai. Zamaninsu ɗaya, kayan aikinsu kusan ɗaya, amma kiɗan Gothenburg bai taso daga bakin teku da hawan igiyar ruwa ba. Sama yake kallo.

A 1961 suka samu kwantiragi da kamfanin faifai na Karusell, kuma manajansu Roland Ferneborg ya kawo shawarar sunan da ya bi su har ƙarshe. Lissafinsa bai da wuyar ganewa. A ranar 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. A ranar 12 ga Afrilu 1961 Yuri Gagarin ya zagaya duniya ya dawo. Ba yaro ba babba, zancen kowa sararin samaniya ne. Sai The Frazers suka zama The Spotnicks, Bo Starander ya zama Bob Lander, aka kuma tanadar musu kayan 'yan sama jannati. Wanda ya duba hotunansu na lokacin zai ga samari huɗu cikin riga haɗe da wando mai sheƙi, kawunansu cikin ƙwarya mai garai-garai, ga jita a rataye. Abin dariya ne, ba shakka, kuma kaɗa jita awa guda ƙarƙashin fitilun dandali a cikin wannan shiga ba hutu ba ne. Amma dabarar ta ci. Ƙungiyar da ba ta da mawaƙin da 'yan mata za su yi wa ihu tana buƙatar abin da ido zai riƙe, kuma ko a talabijin mai baƙi da fari, daƙiƙa biyu sun isa a gane su waye. Shigar kuma ta dace da sautin. Wanda ya ji amon jitar Winberg ba zai yi mamakin ganin mai ita da hular zuwa wata ba.

Sun kuma faɗo a kan gaɓa. Gidan rediyon gwamnati shi kaɗai ke da izinin watsa shiri a Suwidin, kuma bai damu da kiɗan matasa ba. A Maris 1961 wata tashar bayan fage, Radio Nord, ta fara watsa kiɗan zamani daga jirgin ruwa a tekun da ke gaban Stockholm, wajen iyakar dokar ƙasa. Ba ta wuce watan Yuni 1962 ba aka yi dokar da ta rufe ta, amma kafin nan ta riga ta tilasta wa gidan gwamnati buɗe shirye-shiryen kiɗa, ciki har da Tio i topp, wanda ya fara a Oktoban 1961. Ga kuma filayen shaƙatawa na jama'a da ƙungiyoyin ƙwadago suka kafa a kusan kowane gari, inda makaɗa ke zagayawa duk bazara. Nan suka goge, nan suka samu na mai.

Abin da suka zaɓa su kaɗa shi ma abin lura ne. Ba su damu da ƙirƙirar sabon kari ba. Duk inda suka ji mai daɗi, ɗaukowa suke yi su sa masa lantarki. "Orange Blossom Special", wanda ya shigar da su cikin 30 na sama a Birtaniya a 1962 ta hannun kamfanin Oriole, tsohon kiɗan goge ne na Amurka da ke kwaikwayon gudun jirgin ƙasa. "Rocket Man" na wannan shekarar karin wata waƙar Rasha ce ta shekarun 1930. Wanda ya kai mataki na 13, "Hava Nagila", waƙar biki ce ta Yahudawa. "Amapola", wanda ya hau na ɗaya a gida a 1963 ya yi makonni a can, tsohuwar waƙa ce da wani ɗan Sifen ya tsara. A tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, 'yan ƙasar da ba ta bin kowane ɓangare suna sayar wa Ingila karin Rasha cikin suna mai kama da na tauraron Sobiyet, kuma ba wanda ya ɗaga gira. Babban faifansu na farko a Landan suka naɗe shi, ya kuma shiga cikin 20 na sama a can a 1963. Na biyu a Paris, inda Faransawa suka karɓe su hannu bibbiyu.

Sai ƙasa ta juya. A Oktoban 1963 The Beatles, shahararrun mawaƙan nan na Ingila, suka zo rangadi Suwidin, suka yi wasa a Gothenburg ɗin kanta ranar 27 ga wata. Cikin shekara guda kasuwar kiɗa marar waƙa ta faɗi a Birtaniya, a gida kuma samari suka tara gashi suka koma waƙa da Ingilishi: Tages a Gothenburg, Hep Stars a Stockholm, inda Benny Andersson, wanda daga baya ya kafa ABBA da abokansa, ke kaɗa piyano. Bayan 1963 The Spotnicks ba su sake shiga jerin Birtaniya ba. A shekarar ce kuma Ove Johansson ya bar ƙungiyar, Derek Skinner ɗan Landan ya karɓi ganga. A 1965 gangar ta koma hannun Jimmie Nicol, mutumin da ya riƙe wa Ringo Starr, mai gangar The Beatles, kujera na 'yan kwanaki a watan Yuni 1964, lokacin da ciwon maƙogwaro ya kwantar da shi a farkon rangadin The Beatles na Danmak, Holan, Hong Kong da Ostiraliya. Wato guguwar da ta kore su daga Ingila ita ce kuma ta jefo musu mai ganga.

A nan ne rashin waƙar ya biya su a karo na biyu. Ƙungiyar da jarinta Ingilishi ne, in Ingila da Amurka sun juya mata baya, ta shiga uku. Su kuwa duk inda ake son jita kasuwarsu ce. Suka karkata zuwa Faransa, Beljiyam, Holan, Jamus da Sifen, suna fitar da manyan faya-fayai ɗauke da sunayen garuruwan da suka sauka: Berlin, Tokyo, Acapulco. Japan ce ta fi yi musu rana. A 1965 zazzaɓin jitar lantarki ya kama matasan ƙasar bayan rangadin The Ventures, kamfanonin gida na ta ƙera jita ba sa isa, makaɗa irin su Takeshi Terauchi na tashe. Cikin wannan yanayi "Karelia" ya isa, kari mai sanyi da ɗan baƙin ciki, mai sunan yankin nan da ke tsakanin Finlan da Rasha. Ya yi kasuwa ƙwarai, ya kai su rangadin Japan a 1966, kuma har yanzu da shi Japanawa suka fi sanin ƙungiyar. Nicol ya rabu da su a 1967 ya zauna a Meziko.

Daga nan labarin ya zama na Winberg shi kaɗai da duk wanda ya samu. An ajiye kayan 'yan sama jannati, 'yan asali suka watse, makaɗa suka yi ta shiga da fita. A farkon shekarun 1970 ya sake tayar da sunan, ya kuma samu karɓuwa a Jamus da kiɗan "If You Could Read My Mind" na Gordon Lightfoot, wanda ya cire wa kalmomi ya bar wa jita. Jamus ta ci gaba da zama musu wurin cin abinci shekaru da dama. Adadin da aka fi ambata na faya-fayan da suka sayar shi ne miliyan 18, mafi yawa a wajen Suwidin. Thelin da Johansson sun rasu a 2017. Ƙungiyar ta yi wasanta na ƙarshe a Gothenburg a watan Maris 2019, Winberg ya rasu a Janairun 2020, Lander ya bi shi a watan Mayu na shekarar.