Mene ne "sa hannun mai kisa" a binciken laifuka?

Idan masu binciken kisan kai suka ce mai kisa ya bar "sa hannu", ba rubutu suke nufi ba. Suna nufin abin da ya aikata a wurin wanda kisan bai buƙace shi ba, ransa ne ya buƙata. John Douglas na hukumar FBI ta Amurka yana cikin waɗanda suka yaɗa kalmar, daga sashen nazarin ɗabi'a da hukumar ta kafa a 1972.

Ba a gane ta sai an jera ta da "salon aiki". Salon aiki shi ne duk abin da mai laifi ya yi don aikin ya yiwu ya kuma tsira: ta ina ya shiga, da wane makami, da tsakar dare ko da asuba. Wannan yana canzawa, domin ɗan Adam yana koyo. Wanda ya fasa gilashi har maƙwabta suka farka, gaba da abin ɓalle kwaɗo zai zo. Sa hannu kuwa ɓata lokaci ne da ƙara wa kai haɗari: kwantar da gawa cikin yanayin wulaƙanci, ɗauke abu maras daraja kamar ɗan kunne ɗaya, ko ci gaba da sara bayan rai ya fita.

Ma'aunin tambaya ɗaya ce: da bai yi wannan ba, kisan zai yiwu? Ɗauki igiya. Ɗaure mai rai don kada ya gudu salon aiki ne. Ɗaure wanda ya riga ya mutu, da ƙulli iri ɗaya a kisa uku, sa hannu ne. Likitan gawa ne zai raba gardama, domin igiyar da aka ɗaura wa mai rai takan bar kumburi da taruwar jini a ƙarƙashin fata, wadda aka ɗaura bayan mutuwa kuwa yawanci shatarta kawai ake gani.

Kafin a fassara komai, sai an tabbatar mai kisan ne ya yi shi. Rufe fuskar gawa, alal misali, akan ɗauke shi alamar nadama ko sanayya tsakanin mai kisa da mamaci. To amma a ƙasar Hausa duk wanda ya fara ganin gawa zane zai nema ya lulluɓe ta, don sutura. Mai binciken da bai tambayi wanda ya fara isa wurin ba zai ɗora nadama kan mai kisan da bai san an yi ba.

Akwai kuma wurin da aka shirya da gangan don a ɓatar da sawu, kamar a yi kisa cikin gida a mayar da shi fashi. Jini ne kan tona wannan. Bayan mutuwa yakan kwanta a sashen jikin da ke ƙasa, ya kafe cikin kimanin awa 8 zuwa 12. Gawar da aka samu rub da ciki alhali tabon yana bayanta, an juya ta ne bayan ta daɗe a rigingine.

Amfanin sa hannu na gaskiya shi ne haɗa kisa da kisa da rage yawan waɗanda ake zargi. Ba hujja ba ne, kuma fassarar halayya takan zarce abin da ilimi ya tabbatar. A 2004 David Canter, masanin halayya ɗan Birtaniya, da abokan aikinsa sun bi bayanan masu kisan jere 100 a Amurka, ba su sami tabbacin rabon da FBI ta yi wa masu kisa gida biyu ba, wato mai kisa "mai tsari" da "maras tsari".

Kisan Rachel Nickell a Landan a 1992 ya nuna inda abin ke kaiwa. 'Yan sanda sun maƙale wa Colin Stagg saboda ya dace da siffar da wani masanin halayya ya zana, ya shafe fiye da shekara a tsare kafin alƙali ya yi watsi da ƙarar a 1994. Gwajin DNA ne daga baya ya nuna Robert Napper, wanda ya amsa laifin a 2008. A 1993, lokacin da ido ke kan Stagg, Napper ya kashe wata mata da 'yarta 'yar shekara 4.