Tukwici ga mai barin ƙwaya, da aikin da zai riƙe shi bayan tukwicin ya ƙare

Idan muka gaya wa iyaye cewa akwai asibitocin da ke ba mai shaye-shaye kyauta duk ranar da gwajin fitsarinsa ya nuna bai sha komai ba, kusan amsa ɗaya muke samu: "Wato a biya shi don ya bar abin da tun farko bai kamata ya taɓa ba?" Ba ma ganin laifin mai wannan tambaya, musamman wanda ɗansa ko ƙanensa ya sace masa kaya ya sayar don ya sayi ƙwaya. Sai dai wannan hanya tana cikin waɗanda likitoci suka fi gwadawa kuma suka ga amfaninsu, musamman ga masu shan hodar iblis da ƙwayar metamfetamin, waɗanda har yanzu babu wani magani na haɗiya ko na allura da aka amince yana raba mutum da su.

Dalilin yana cikin ƙwaƙwalwa. Ƙwaya tana biyan mai shanta nan take. Cikin mintuna kaɗan sinadarin dofamin, mai sa jin daɗi a ƙwaƙwalwa, ya tashi, damuwa ta kau, jiki ya saki. Ribar barinta kuwa sai an jira: lafiya, amincewar iyali, aiki, mutunci, duk sai bayan watanni ake fara ganinsu. Ga kuma wata matsala da mutane ba su cika sani ba. Ƙwaƙwalwar da ta daɗe tana samun wannan jin daɗi mai ƙarfi takan daina jin ɗanɗanon ƙananan abubuwa, shi ya sa wanda ya daina sha yakan yi makonni komai ya fita daga ransa, hira ba daɗi, abinci ba daɗi, barci ba ya zuwa. A wannan lokacin ne yawanci ake komawa ruwa. Abin da tukwici yake yi shi ne ya jawo ribar hakura kusa, ta zo yau, a hannu, a daidai lokacin da nasiha kaɗai ba ta iya riƙe mutum.

A farkon shekarun 1990 ne Stephen Higgins na Jami'ar Vermont a Amurka ya tsara hanyar ga masu shan hodar iblis. Majinyaci yana ba da fitsari sau uku a mako. Gwaji na farko da ya fito ba ƙwaya, sai a rubuta masa takardar sayayya ta dala biyu da rabi. Na biyu a ƙara masa dala ɗaya da kwata a kai, haka abin yake hawa muddin bai karya ba, kuma duk gwaji uku a jere akwai ƙarin dala 10. Wanda ya riƙe kansa har mako 12 zai tara kusan dala 1,000. Idan gwaji ya nuna ya sha, ko ya ƙi zuwa, ba a korarsa kuma ba a ƙwace abin da ya riga ya tara. Ƙimar ce kawai take komawa ta farko. Ba a damƙa masa tsabar kuɗi. Shi da mai ba shi shawara ne suke zaɓen abin da za a saya da takardun, kamar kayan aiki, kuɗin koyon sana'a ko kayan motsa jiki.

Tsarin ya yi wa ƙananan asibitoci tsada, sai Nancy Petry ta Jami'ar Connecticut ta fito da wani mai sauƙi. Ana zuba takardu 500 a cikin kwano. Rabinsu kalmar yabo ce kawai a rubuce, mafi yawan sauran kyautar dala ɗaya, kaɗan na dala 20, guda ɗaya tal ta dala 100. Wanda gwajinsa ya yi kyau sai ya sa hannu ya zaro, kuma yawan zarowarsa yana ƙaruwa da daɗewarsa bai sha ba. Wasu kan ce ai wannan caca ce. Majinyaci ba ya zuba ko sisi, ba ya asarar komai, kuma da aka bi diddigi ba a ga tsarin ya ƙara wa mutane son caca ba. Duk da haka, inda zarowar ta zama abin ƙyama ga mutane, tsarin takardar sayayya yana nan.

Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawarar amfani da hanyar a 2007. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka ta shigar da ita asibitocinta daga 2011, jihar Kalifoniya kuma ta fara biyan kuɗinta ta inshorar lafiyar masu ƙaramin ƙarfi a 2023.

To amma tukwici yana da ranar ƙarewa, yawanci wata uku zuwa shida, kuma wasu suna komawa sha bayan an daina. Wannan gaskiya ce da ba ma ɓoyewa. A ganina tukwici kamar sandar dogarawa ce ga mai karaya: tana ɗauke masa nauyi kafin ƙashi ya haɗe, amma idan bai riƙa taka ƙafar ba, ranar da aka karɓe sandar zai faɗi. Takawar ita ce komawa cikin harkokin yau da kullum.

A duba yinin mai shaye-shaye da kyau. Neman kuɗin ƙwaya, zuwa wajen mai sayarwa, zama da abokan sha, sannan barci da farfaɗowa, su ne suka cinye masa yini gaba ɗaya. Ranar da ya daina, awowi masu yawa ne suke faɗo masa babu abin yi, abokai babu, wurin zuwa babu. Kaɗaici da gundura suna cikin abubuwan da suka fi tayar da sha'awar sha. Tun a 1973 George Hunt da Nathan Azrin suka gina wata hanyar jinyar mashaya giya a kan wannan fahimta: a taimaki mutum ya sami aiki, a gyara tsakaninsa da iyalinsa, a nema masa abokan zama da abin nishaɗi da babu sha a ciki, har rayuwa ba giya ta fi masa riba. Higgins ma da wannan hanya ya haɗa takardunsa tun farko. A Jami'ar Johns Hopkins kuma Kenneth Silverman ya buɗe wurin aiki inda majinyaci ke samun damar shiga ya yi aikin da za a biya shi idan gwajinsa na ranar ya yi kyau.

Akwai asibitocin da ke ba da tukwici a kan ayyukan su kansu. Kowane mako majinyaci zai zaɓi abubuwa kamar uku da zai yi, a rubuta su dalla-dalla, ya dawo da shaida. "Zan gyara halina" ba aiki ba ne da za a iya aunawa. "Ranar Talata da safe zan kai takardar neman aiki wuri kaza" aiki ne. Haka zuwa ganin likita, raka yaro makaranta, buga ƙwallo da waɗanda ba sa sha, komawa wurin ibada, ziyartar ɗan'uwan da aka ɓata da shi. A fara da ƙanana, waɗanda tabbas zai iya. Kuma kada a jira sai ya ji yana so, domin a wannan matakin yin aikin ne yake gaba, jin daɗinsa daga baya yake biyowa.

Ku iyaye da mata da 'yan'uwa, akwai abin da za ku iya ɗauka a nan ko da asibitin da ke kusa da ku ba ya wannan tsari. Yawancin gidaje suna magana ne kawai ranar da mutum ya dawo a buge, ranar da ya wuni garau kuma kowa ya yi shiru. Ku juya abin. Ku yaba a ranar, ku zauna da shi, ku ba shi wani aiki na gida da zai ji ana buƙatarsa. Idan za ku yi alkawarin kyauta, a faɗi sharaɗin a fili tun farko, a cika shi ba jinkiri, kuma kada ta zama tsabar kuɗi a watannin farko. Gwajin fitsari a bar wa ma'aikatan lafiya, don kada gida ya koma wurin tuhuma. Idan ya zame ya sha, babu kyautar wannan rana, amma a bar ƙofa a buɗe ya sake farawa washegari.

Tukwici ba ya maye gurbin magani. Masu shan hiroyin, kodin, tiramadol da danginsu akwai magunguna irin su metadon da bufrenofin da likita ke bayarwa, tukwici ƙari ne a kansu. Wanda ya daɗe yana shan giya sosai, ko ƙwayoyin barci irin su diyazefam, kada ya yanke lokaci ɗaya a gida don kwaɗayin kyauta ko don tsoron faɗa. Yankewar tana iya jawo jijjiga har da rasa rai, sai likita ya tsara yadda za a rage. Wanda kuma ya yi makonni bai sha dangin kodin ko hiroyin ba, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba, idan ya koma ya sha kamar da, numfashinsa na iya tsayawa. Idan kuka ga ba ya farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa sosai, leɓɓansa sun canja launi, ku kwantar da shi a kan gefen jikinsa ku garzaya da shi asibiti, ku gaya wa ma'aikata abin da ya sha ba tare da ɓoyewa ba, domin akwai maganin naloksan da ke karya ƙarfin waɗannan ƙwayoyi idan an ba shi da wuri.